Zoben da ba ya karɓar rabin awo: yadda ƙarfe ke yi da maganaɗisu a cikin matsanancin sanyi

A shekarar 1932 wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar Leiden da ke ƙasar Holan, mai suna Gerrit Flim, ya hau jirgin sama zuwa Landan ɗauke da wani tulu mai kama da fulas ɗin shayi. A cikin tulun akwai ruwan iskar heliyom, a cikin ruwan kuma an tsoma wani zobe na dalma. Wutar lantarki mai ƙarfin ampiya 200 tana ta zagaya zoben nan, alhali babu batir, babu janareto, babu wata waya da ta haɗa shi da waje. Haka jirgin ya sauka, aka kai tulun gaban masu sauraro a cibiyar kimiyya ta Royal Institution, wutar tana nan tana zagayawa kamar yadda aka baro ta a Leiden.

Sama da shekaru 90 bayan wannan tafiya, irin wannan zobe ya ƙanƙance har ido ba ya ganinsa, kuma shi ne a tsakiyar gasar da manyan kamfanoni da gwamnatoci ke zuba wa kuɗi domin ƙera kwamfutar da ake kira ta kwantom. Shi ne kuma ke cikin ɗaya daga cikin na'urorin da suka fi jin motsin maganaɗisu, wadda take iya sauraron abin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke fitarwa. Duk wannan ya samo asali daga wata ɗabi'a guda ta zoben: idan aka sanyaya shi, ba ya yarda maganaɗisu ya ratsa raminsa sai da cikakken awo. Ɗaya, biyu, uku. Rabi ba ya shiga.

Sanyin da ke kashe turjiya

Duk wanda ya taɓa cajar waya bayan ta daɗe a jone ya san tana ɗaukar zafi. Dalili shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, waɗanda ake kira ilaktaron, suna cin karo da abubuwa a cikin ƙarfe yayin da suke wucewa, kamar mai babur a cikin kasuwa ranar da take ci. Wannan cikas shi masana ke kira turjiya, kuma shi ke mayar da wani ɓangare na wutar zuwa zafi. Ko jan ƙarfe, wanda ake yin wayar wuta da shi saboda kyawunsa, yana da tasa turjiyar. Shi ya sa idan aka cire batir, wuta takan mutu nan take.

A 1908 Heike Kamerlingh Onnes, shugaban wancan ɗakin gwaje-gwaje na Leiden, ya zama mutum na farko da ya mayar da iskar heliyom ruwa. Ruwan heliyom yana tafasa ne a wajen digiri 269 ƙasa da sifili. Don a gane girman wannan sanyi, mafi tsananin sanyin da aka taɓa aunawa a tashar yanayi a doron ƙasa shi ne digiri 89 ƙasa da sifili, a tashar Vostok ta yankin Antatika a 1983. Iyakar sanyi baki ɗaya, inda babu sauran wani zafi da za a cire daga jikin abu, tana digiri 273.15 ƙasa da sifili. Ke nan Onnes ya zo tazarar digiri huɗu kacal da ƙarshen hanya.

Ranar 8 ga Afrilun 1911 shi da abokan aikinsa suka sanyaya zaiba da wannan ruwa, suka auna turjiyarta. Da sanyin ya kai wani mataki sai turjiyar ta faɗi lokaci guda, har na'urorinsu suka kasa ganin komai. Daga baya an ga haka a dalma, a wajen digiri 266 ƙasa da sifili, da kuma kuza, ɗan ƙasa da 269. A 1914 Onnes ya kunna wuta a cikin nannaɗaɗɗiyar wayar dalma da ya rufe bakinta, ya cire abin da ya tayar da ita, ya sa allurar kamfas a gefe. Allurar ta ci gaba da nuna cewa wuta na gudana. A 1963 wasu masana biyu a Amurka, File da Mills, sun bi irin wannan wuta da awo mai tsanani, suka kammala cewa idan ma tana raguwa, to sai ta ɗauki fiye da shekaru 100,000.

Akwai ɗabi'a ta biyu da aka gano a Barlin a 1933. Walther Meissner da Robert Ochsenfeld sun nuna cewa ƙarfen da ya shiga wannan hali yana korar maganaɗisu daga cikin jikinsa. Yana yin haka ne ta hanyar tayar da wuta a fatarsa, wadda ke haifar da nata maganaɗisun da ke soke na waje. Daga nan tambaya ta taso. Idan ƙarfen dunƙule ne, maganaɗisu ya kauce masa, magana ta ƙare. To idan zobe ne mai rami a tsakiya fa? Jikin zoben ya kori maganaɗisu, amma ramin fili ne. Nawa zai iya zama a cikinsa?

Lissafin mai ɗinkin hula

Wanda ya fara ba da amsa shi ne Fritz London, masanin da ya bar Jamus bayan hawan ƴan Nazi mulki, ya ƙare a jami'ar Duke ta Amurka. A wani ɗan bayani na ƙasan shafi a littafinsa na 1950, ya yi hasashen cewa maganaɗisun da ke maƙale a ramin zobe ba zai ɗauki kowane adadi ba, sai dai ninkin wani ƙayyadadden awo.

Hujjarsa ta fito ne daga ilimin kwantom, wato reshen kimiyyar da ke bayanin halin ƙananan abubuwa irin su ilaktaron. A wannan ilimi ilaktaron yana da halin igiyar ruwa, mai tudu da kwari. A ƙarfe na yau da kullum kowane ilaktaron da tasa igiyar, babu mai bin wani. Amma a ƙarfen da turjiyarsa ta mutu, dukkansu sukan haɗu su zama igiya guda mai tafiya da taki ɗaya. Idan wannan igiya ta zagaya zobe, dole ta dawo ta haɗu da kanta daidai inda ta fara, tudu a kan tudu.

Mai ɗinkin hula ya san wannan matsala. Idan zai zagaya hula da zane mai maimaita kansa, yana iya sa gida goma ko goma sha ɗaya, amma ba zai sa goma da rabi ba, domin inda zanen ya haɗu zai karye, kowa kuma zai gani. Haka igiyar ilaktaron take a cikin zobe. Tunda kuma maganaɗisun da ke ratsa ramin shi ke murɗa igiyar, adadinsa ma dole ya zo da cikakkiyar lamba.

Shekaru goma sha ɗaya hasashen ya yi yana jiran mai gwadawa, saboda awon ƙarami ne ƙwarai. Idan aka yi zobe mai faɗin ƙwayar jini ja guda ɗaya, wato mikron bakwai zuwa takwas, maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas zai zuba kusan awo guda ne kawai a raminsa. Mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A zobe irin na yatsa, awo miliyoyi ne ke ciki, don haka ƙarin ɗaya ko ragin ɗaya ba ya bayyana. Wanda yake son ya ga matakalar sai ya yi zoben da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba.

A 1961 tawagogi biyu suka yi hakan, ba tare da ɗaya ta san da aikin ɗaya ba. A jami'ar Stanford ta jihar Kaliforniya, wani ɗalibin digirin digirgir mai suna Bascom Deaver da malaminsa William Fairbank sun shafa kuza a kan wayar jan ƙarfe mai kaurin mikron 13, suka sami ɗan siririn bututu. Suka sanyaya shi a cikin maganaɗisu, suka kashe maganaɗisun, sannan suka riƙa girgiza bututun sama da ƙasa sau ɗari a daƙiƙa kusa da wata nannaɗaɗɗiyar waya domin su auna abin da ya maƙale. A garin Herrsching kusa da Munik a Jamus, Robert Doll da Martin Näbauer sun shafa dalma a kan zaren wani nau'in gilashi mai kaurin mikron 10, suka rataye shi, suka auna yadda yake lilo. Dukkansu sun ga abu ɗaya. Suna ƙara maganaɗisu a hankali, amma abin da ke maƙalewa yana tsayawa cik, sannan ya yi tsalle zuwa mataki na gaba. An buga sakamakon biyun a fitowa ɗaya ta mujallar Physical Review Letters a watan Yulin wannan shekara.

Sai dai tsawon matakalar ya zo rabin abin da London ya lissafa. Wannan saɓani ya zama babbar riba. Shekaru huɗu kafin nan, a 1957, John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer na jami'ar Illinois sun bayyana cewa a irin wannan sanyi ilaktaron suna tafiya ne bibbiyu. London ya yi lissafinsa da ilaktaron guda. Idan aka sa biyu a madadinsa, awon ya ragu da rabi, daidai da abin da aka gani a Stanford da Herrsching. Ɗan bututun kuza ya tabbatar da cewa tagwaitakar gaskiya ce. Mutanen uku sun karɓi kyautar Nobel a 1972.

Idan aka kawo masa rabi

Maganaɗisun da ake turo wa zobe daga waje ba ya zuwa da cikakkiyar lamba. Mai gwaji yana iya juya makunni ya kawo awo ɗaya da kwata, ko biyu da kashi bakwai cikin goma. Abin da zoben ke yi ya yi kama da na ƴar kasuwar da ba ta sayar da gero sai da cikakkiyar tiya. Idan aka kawo ɗaya da kwata, zoben zai tayar da wuta ta zagaya ta gefe guda, ta soke kwatar, a koma ɗaya. Idan aka kawo biyu da kashi bakwai, sai wutar ta zagaya ta ɗaya gefen, ta cika gibin, a kai uku. Babu mai ba shi wannan wuta, daga cikinsa take tasowa.

Wannan gyara yana da tsada, kuma tsadar ta fi yawa a daidai rabi, inda tazarar ta fi nisa ta kowane ɓangare. A 1962 William Little da Ronald Parks, su ma a Stanford, sun auna tsadar. Sun yi bututun kuza mai faɗin kusan mikron ɗaya, suka riƙe shi a daidai bakin sanyin da turjiya ke mutuwa, suka riƙa ƙara maganaɗisu. Turjiyar ta dinga hawa da sauka a jere: ta sauka a kan kowace cikakkiyar lamba, ta hau a kan kowane rabi. Ma'ana, a kan rabi zoben yana buƙatar ƙarin sanyi kafin ya iya riƙe halinsa.

Idan zoben ya ƙara ƙanƙancewa, tsadar kan fi ƙarfinsa. Masanin Faransa Pierre-Gilles de Gennes ya yi hasashen haka a 1981, kuma a 2001 tawagar Ying Liu ta jami'ar jihar Pensilbeniya ta gani da ido. A bututun da faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mikron ba, da zarar maganaɗisu ya kusanci rabin awo sai halin rashin turjiya ya ɓace gaba ɗaya, duk sanyin da aka kai shi. Idan aka ƙara maganaɗisun ya doshi cikakken awo, sai halin ya dawo. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba gani a dunƙulen ƙarfe, inda ƙarin maganaɗisu kullum ɓarna yake yi.

Ƙofa a jikin zobe

Zobe rufaffe yana riƙe abin da ya kama, ba ya saki. Amfaninsa ya fito ne da aka yi masa ƙofa. A 1962 Brian Josephson, ɗalibi ɗan shekara 22 a jami'ar Kambirij ta Ingila, ya lissafa cewa idan aka raba ƙarfe biyu marasa turjiya da wani siririn shamaki, tagwayen ilaktaron za su iya ratsa shamakin. Wannan mahaɗa wuri ne mai rauni a jikin zobe, inda awon maganaɗisu kan shiga ko ya fita ɗaya bayan ɗaya. Josephson ya sami Nobel a 1973.

A 1964 masana huɗu a ɗakin binciken kamfanin motoci na Ford, wato Jaklevic da Lambe da Silver da Mercereau, suka sa irin wannan mahaɗa guda biyu a zobe ɗaya. Na'urar da ta fito ana kiranta SQUID. Duk lokacin da maganaɗisu ya ƙaru da awo guda, amsar na'urar kan yi zagaye ɗaya ta dawo, kuma da kayan lantarki masu kyau ana iya gane canjin da bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na awon ba. A 1972 David Cohen na cibiyar MIT ya yi amfani da ita ya ɗauki maganaɗisun da ƙwaƙwalwar mutum ke fitarwa, wanda na duniya ya ninka shi sau miliyan ɗari ko fiye. A yau akwai asibitocin da ke sa wa mai farfaɗiya wata hular kwano mai ɗaruruwan irin waɗannan zobba, domin a gano inda ciwon ke tasowa kafin a yi tiyata. Masu neman ma'adinai a Ostareliya ma sun yi amfani da su wajen gano abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Gaba da baya a lokaci guda

Sauran tambayar ita ce abin da zobe mai ƙofa zai yi idan aka ajiye shi a daidai rabin awo. Zagayawa ta dama da zagayawa ta hagu tsadarsu ɗaya, babu dalilin fifita wata. Ilimin kwantom ya ce ƙaramin abu kamar ilaktaron yana iya zama a hali biyu lokaci guda, har sai an auna shi. Amma zobe abu ne da aka ƙera da hannu, mai ɗimbin ilaktaron, kuma masana da dama sun yi shakkar ko dokar za ta hau kansa.

Matakin farko na amsar ya fito daga jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1984 da 1985, inda John Clarke da Michel Devoret da John Martinis suka nuna cewa da'irar lantarki mai mahaɗar Josephson tana bin dokokin kwantom a matsayinta na abu guda. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel ta 2025. A shekarar 2000 kuma tawagogi biyu, ɗaya a Stony Brook ta jihar New York, ɗaya a Delft ta Holan, suka nuna alamun zoben da wutarsa ke cikin haɗakar zagayen dama da na hagu.

Kwamfuta ta yau da kullum tana lissafi da sifili da ɗaya. Idan zagayen dama ya zama sifili, na hagu ya zama ɗaya, to zoben da ke riƙe da haɗakarsu shi ne tubalin kwamfutar kwantom. Kamfanin D-Wave na Kanada yana gina injinansa da dubban zobban ƙarfen niyobiyom. Google da IBM suna amfani da wani fasali na daban, amma shi ma a kan mahaɗar Josephson ya dogara. A 2019 Google ya sanar da cewa injinsa mai tubali 53 ya yi wani lissafi na gwaji cikin daƙiƙa 200, wanda ya ce zai ɗauki babbar kwamfuta shekaru 10,000. IBM ya musanta, ya ce kwanaki kaɗan sun isa.

Gwamnatoci suna bin lamarin ne saboda tun 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa cikakkiyar kwamfutar kwantom za ta iya karya wasu makullan sirri da bankuna da intanet ke dogaro da su, irin waɗanda ke kare kuɗin da ɗan ci-rani ke turawa gida. Injinan da ake da su yanzu ba su kai nan ba. Ɗan zafi ko ɗan motsin maganaɗisu daga waje ya isa ya rusa haɗakar cikin ƙasa da ƙiftawar ido, shi ya sa ake ajiye su a firijin da ke kai su kusan kashi ɗaya cikin ɗari na digiri sama da iyakar sanyi. Sararin samaniya kansa, wanda ke digiri 2.7 sama da iyakar, ya fi cikin wannan firiji ɗumi.

Kuɗin sanyi da kayan aiki

Sanyin shi ne ke hana wannan fasaha bazuwa. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken IBM da ke Zurik sun gano wani sabon dangin kayan da ke rasa turjiya a sanyin da bai kai na da ba, kuma a 1987 aka sami wanda ke yin haka a digiri 180 ƙasa da sifili, inda ruwan iskar naitirojin mai araha ya wadatar. Duk da haka, har yau babu wani abu da aka tabbatar yana rasa turjiya a zafin ɗaki da matsin iska na yau da kullum. Saboda haka wayar da za ta ɗauko wuta daga nesa zuwa Zinder ko Tahoua ba tare da asara ba tana cikin buri tukuna.

Kayan aikin kuwa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Kuzar da aka yi gwaje-gwajen 1961 da 1962 da irinta, ita ce ma'adinin da ya ja dubban Hausawa zuwa haƙa a tsaunukan Jos, kuma an haƙe ta a Elmeki cikin duwatsun Abzin. Dutsen kolumbait da ake fitar da niyobiyom daga cikinsa, Najeriya ce kan gaba wajen samar da shi a duniya a shekarun 1950, kafin Birazil ta karɓe kasuwar, inda yanzu take samar da kusan kashi 90 cikin 100. Heliyom kuma daga iskar gas ake tace shi, kuma maƙwabciyar Nijar ta arewa, Aljeriya, tana cikin ƴan ƙasashen da ke sayar da shi, daga masana'antun Arzew da Skikda, tare da Amurka da Katar.

Inda talaka ya fi haɗuwa da wannan kimiyya shi ne asibiti. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira IRM, ko MRI a ƙasashe masu amfani da Ingilishi, tana ɗauke da doguwar wayar niyobiyom da titaniyom da aka nannaɗe aka tsoma a ruwan heliyom. A yawancinsu ana cusa wutar ne a lokacin girkawa, a rufe da'irar, a cire abin da ya kawo ta. Daga nan wutar ta ci gaba da zagayawa dare da rana, tana riƙe da maganaɗisun da ya ninka na duniya kusan sau 30,000. Ko an ɗauke wuta a gari, maganaɗisun yana nan muddin heliyom bai ƙare ba, kuma wannan ne dalilin da ma'aikata ke hana shiga ɗakin da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu a kowane lokaci. Majinyacin da aka tura cikin ramin na'urar yana kwance ne a tsakiyar babban yayan zoben da Flim ya kai Landan a cikin tulu.